Sada Kayan Ofis da Teburin Nesa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kafin zuwan Turawa a 1903, yawancin hakiman Katsina a cikin birni suke zaune, kusa da fada, ƙasashensu kuwa suna can nesa. Jakada ne ke tsakani. Shi ke ɗaukar magana daga bakin hakimi ya kai wa masu gari, ya komo da amsa da abin da aka tara. Bisa ƙa'ida ba shi da ikon yanke hukunci, iyakarsa kaiwa da kawowa, ko da yake an sha samun jakadun da suka wuce iyakarsu. Daga baya ne aka fitar da hakimai, kowa ya koma gundumarsa da malaminsa da littattafansa.

To, akwai wani tsari na aikin kwamfuta da bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati na ƙasashe da yawa suke bi, wanda ya yi kama da wancan tsari na dā. Ya kamata hakimai da malamansu su fahimce shi tun kafin ya iske su, domin a cikinsa akwai abin da ba injiniya ne ya kamata ya yanke shi kaɗai ba.

Na'ura 'yar aike

A wannan tsari ba a ba malami cikakkiyar kwamfuta. Abin da ake ajiye masa a tebur wani ɗan akwati ne da bai fi littafin rasit girma ba, an haɗa shi da allon kallo da allon rubutu da linzami. Wannan akwati shi ne na'ura 'yar aike, watau jakada. Ba ta ajiye takardu, ba ta yin aikin lissafi mai nauyi. Ainihin kwamfutar malam tana can cikin wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, wadda za ta iya kasancewa a sakatariya cikin Katsina, ko a Abuja, ko ma a wata ƙasa. Uwar garke ɗaya takan ɗauki malamai da yawa, ta keɓe wa kowa nasa wurin aiki. Wannan wuri da aka keɓe shi ake kira teburin nesa. In malam ya danna harafi, 'yar aike ta kai labari, tebur ya rubuta, ya aiko da hoton abin da ya rubuta, malam ya gani a allonsa kamar a gabansa aka yi.

Amfanin wannan a bayyane yake. 'Yar aike ba ta cin wuta sosai, ƙaramar sola ma ta ishe ta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, aikin yana nan a tebur, ana dawowa a iske shi inda aka bar shi. In ɓarawo ya fasa ofis ya ɗauke akwatin, ya ɗauki fanko, ko sunan mutum ɗaya babu a ciki.

Harshen da 'yar aike da tebur suke magana da shi ya danganta ga kamfanin da aka sayi kayansa. Na kamfanin Microsoft sunansa RDP, ya fito a 1998. Na Citrix sunansa ICA, ya ma girmi na Microsoft. Akwai kuma tsarin Horizon mai nasa harshen, wanda dā na kamfanin VMware ne, amma tun 2024 yana hannun Omnissa. Sunayen sun bambanta, al'amarin ɗaya ne.

Inda wahala take

A ce an buɗe wani ƙaramin ofis a unguwar Ƙofar Kwaya, aka zaunar da malami domin rubuta takardun shaida, da na cinikin gida ko gona, da na sulhu. A teburinsa akwai firinta, da sikana mai ɗaukar hoton takarda, da kyamara, da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Wani dattijo ya taso daga bayan gari tun da sassafe, ya biya kuɗin mota, ya bi layi, domin takardar da ɗansa zai kai makaranta. Malam ya rubuta, ya duba, ya ba da umurnin bugawa. Firinta tana kunne, da takarda a cikinta, da tawada, amma ko motsi ba ta yi ba.

Ba lalacewa ta yi ba. Dalili shi ne takardar ba ta cikin ɗakin. Tana can cikin teburin nesa, shi kuwa tebur bai san akwai wata firinta a Ƙofar Kwaya ba. An jona ta ne a jikin 'yar aike, kuma in ba a shirya ba, 'yar aike ba ta kai labarin kome sai na allon rubutu da linzami. Shirin da ake yi domin tebur ya ga kayan da ke gaban malam, ya yi aiki da su kamar a jikinsa aka jona su, shi ake kira miƙa kaya. In ba a yi shi daidai ba, dattijon nan zai ji an ce ya dawo gobe.

Hanyoyi biyu

Kafin a gane hanyoyin, tilas a san abu ɗaya. Kowace na'ura da ake jonawa a kwamfuta tana da nata harshe, saboda haka sai da wata 'yar manhaja da za ta riƙa fassara tsakaninsu. Masu sana'ar suna ce mata direba, amma aikinta na tafinta ne. Bambancin hanyoyin biyu duka yana ga inda tafintan nan yake zaune.

A hanya ta farko tafinta yana nan gida, cikin 'yar aike. Tebur ba ya magana da firinta kai tsaye. Sai ya naɗe takardar ya aiko, 'yar aike ta karɓa, ita ce za ta san yadda za ta yi da firinta. Haka kuma kyamara, 'yar aike ce ke karɓar hoto, ta matse shi ya ƙanƙance, kāna ta aika. Wannan ita ce hanyar aika saƙo.

A hanya ta biyu tafinta yana can cikin teburin nesa. 'Yar aike ba ta fahimtar kome, sai ta ɗauki duk abin da ya fito daga kafar USB, watau ramin da ake soka kaya a jikinta, ta tura shi yadda yake. Wannan ita ce hanyar miƙa kaya ɗungurungum. Microsoft ya shigar da ita cikin RDP a 2011. Da zarar an miƙa na'ura ta wannan hanya, ta fita daga hannun 'yar aike ke nan, kamar an zare ta an kai ta can.

Ga misali da zai nuna bambancin. Hakimi yana birni yana so ya san yawan hatsin da ke wani rumbu a ƙauye. A hanya ta farko, masu gari su auna, jakada ya kawo jimla, tafiya ɗaya. A ta biyu kuwa, hakimi ne zai aika a ce a ɗebo mudu, a komo a ce an ɗebo, ya aika a ce a zuba, a komo a ce an zuba, haka har rumbu ya ƙare. In rumbun yana bayan gidansa ne, ba laifi. In yana tafiyar yini guda, damina za ta riske su ba su gama ba.

Abin da ke faruwa ke nan a cikin waya. An ƙera USB a 1996 domin na'urori biyu da ke tebur ɗaya, masu yi wa juna tambaya da amsa ba iyaka. A ce sikana tana bukatar tambaya da amsa sau 1,000, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta gama shafi. In uwar garke tana cikin gini ɗaya da malam, kowace kaiwa da komowa ba ta wuce kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, aiki ya ƙare cikin sakan guda. In kuwa tana nesa har kowace tafiya tana cin kashi 1 cikin 10 na sakan, shafin nan zai ci sakan 100, wata na'urar ma sai ta gaji da jira ta yanke magana. Kuɗi ba ya maganin wannan, domin haske da kansa a cikin wayar gilas kimanin kilomita 200,000 yake yi a sakan. Ɗakunan uwar garke da Microsoft ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019 suna nesa da Katsina fiye da kilomita 4,500 a miƙe, wayar kuwa ba a miƙe take tafiya ba. Saboda haka tambaya ta farko da hakimi zai yi wa masu kawo kayan ita ce, a wane gari teburin yake?

Bayan nisa akwai nauyi. Kyamara ƙarama, mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, in tana fitar da hoto 30 a sakan ba tare da matsewa ba, tana bukatar wajen megabit 147 a kowane sakan. In 'yar aike ta matse shi tukuna, megabit 1 ko 2 sun isa. Shafin takarda ɗaya in aka ɗauke shi da launi, ɗigo 300 a inci, nauyinsa kimanin megabait 26 ne kafin a matse. A layin da ke tura megabit 2 a sakan, zai ci fiye da minti ɗaya da rabi. In aka ɗauke shi toka-toka, ba launi, ya koma sulusin haka. Takardar cinikin gona ba ta bukatar launi, sai fa in akwai hatimi ko taswira da launinsu ke da ma'ana. Wannan kuwa a hannun malam yake, ba sai ya jira injiniya ba.

Wace na'ura, wace hanya

Ƙa'idar ita ce duk na'urar da za ta iya bin hanyar saƙo, a bi da ita nan. Firinta, sikana, kyamara da abin magana duka suna da tasu hanyar saƙo. A wajen firinta akwai wani tarko. Wasu 'yan aike ba su da tafinta a cikinsu, sai dai su gaya wa tebur sunan tafintan da ake bukata, shi ya nemo a wajensa. In sunan ya saɓa ko da harafi ɗaya, tebur zai ce bai san shi ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, in firintar ofis ba ta bayyana ba, tebur yakan zaɓi wata da ya sani, sai takardar rabon gādo ta mutanen Ƙofar Kwaya ta fito a wani ofis dabam, a gaban wanda bai kamata ya gani ba. Don haka malam ya riƙa karanta sunan firinta a allo kafin ya ba da umurni, kowace safiya.

Na'urar zanen yatsa da allon sa hannu su ne suka fi yawan bukatar hanya ta biyu, domin tafintansu na kamfanin da ya ƙera su ne, kuma manhajar rajista takan nemi ta yi magana da su kai tsaye. Abin da suke aikawa kaɗan ne, saboda haka sukan jure nisa fiye da sikana, amma a gwada su a ofishin da za su zauna, a kan layin da za su yi aiki da shi, da rana lokacin da layi ya cika. Gwajin da aka yi a sakatariya, kusa da uwar garke, ba shaida ba ne.

Akwai kuma kayan da ba a miƙa su ɗungurungum ko kaɗan. Allon rubutu da linzami suna ciki, domin in aka miƙa su sa'an nan layi ya yanke, malam ba shi da abin da zai taɓa 'yar aike da shi. Haka modem da ake sokawa domin samun intanet, in aka miƙa shi, ta kan me za a kai shi? Citrix da Horizon sukan zo da waɗannan a hane tun daga kamfani, kada wani mai karambani ya buɗe. Katin shaida mai ƙwaƙwalwa, wanda ake shiga tebur da shi, shi ma hanyar saƙo yake bi, domin ana bukatarsa tun kafin tebur ya buɗe. Wannan kati daidai yake da hatimin hakimi. Ba a aronsa, ba a rubuta lambar sirrinsa a jikin bango, kuma ana iya shirya tebur ya kulle kansa da zarar an zare shi. Hakimi ya nemi a yi masa haka.

Tsaron ƙofa

Ƙofar Kwaya, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da sauran ƙofofin ganuwar Katsina, dā tana da mai tsaronta, ana rufe ta da dare, baƙo da kayansa ba su shiga sai an san su. Yau motoci ke wucewa dare da rana, babu mai tambaya. Kafar USB ƙofa ce ita ma, kuma wajibi ne a tsare ta irin tsaron dā. An kai takardu nesa ne domin kada a sace su. In aka bar kowace kafa a buɗe, an rushe dalilin tsarin gaba ɗaya, domin mai filashi a aljihu zai iya kwashe rajistar gunduma cikin 'yan mintoci, ko ya shigar da cutar kwamfuta wadda za ta bi ta teburin malam ta nemi sauran garken.

Wannan ba zato ba ne. A 2008 wata cuta ta shiga kwamfutocin sojan Amurka ta filashi, har hukumarsu ta hana amfani da shi. A 2010 aka gano cutar Stuxnet, wadda ta ɓata injinan nukiliya na ƙasar Iran a Natanz, ita ma filashi yana cikin hanyoyin yaɗuwarta. A 2014 masu bincike daga Jamus suka nuna ana iya sāke ƙwaƙwalwar filashi ya yi shigar burtu, ya ce wa kwamfuta shi allon rubutu ne, sa'an nan ya riƙa ba da umurni da kansa. Filashin da aka tsinta a hanya, ko wanda mai ƙara ya kawo ya ce takardunsa suna ciki, ba a soka shi.

A ofisoshin nan kuwa abin da ya fi filashi yawa shi ne wayar hannu. Ofis mai sola, a unguwar da aka ɗauke wuta, ba ya rabuwa da masu roƙon caji, kuma malami mai kunya ba ya iya hana maƙwabci ko dogari. Amma waya in an soka ta ba wuta kaɗai take sha ba, tana iya bayyana a matsayin ma'ajiyar takardu, ko kyamara, ko modem. Magani mai sauƙi shi ne a sayi soket dabam a ajiye a zaure, nesa da teburin malam, mai caji ya yi cajinsa, zumunci bai ɓaci ba.

Yadda ake tsaron ba shi da wuya. Kowace na'ura in an soka ta takan faɗi lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da ta irinta, kowace mai gurbi huɗu, sa'an nan ta faɗi jinsinta. Jinsin firinta 07 ne, na ma'ajiya irin filashi 08, na allon rubutu da linzami 03. Da waɗannan lambobi ake rubuta dokar ƙofa. Doka mai kyau ita ce wadda ta hana kowa, kāna ta ambaci waɗanda aka yarda da su ɗaya ɗaya. Wadda ta yarda da kowa sa'an nan ta ambaci waɗanda aka hana, kullum sai an sami baƙon da ba a yi tunaninsa ba. In ba makawa sai an karɓi takardu ta filashi, Citrix da Horizon suna da dokar da za ta bari a karanta abin da ke ciki amma ta hana a zuba masa kome. A tuna dai lambobin nan na'ura ce ke faɗinsu da bakinta, mai shigar burtu yana iya yin ƙarya, don haka doka ba ta ɗauke wa malam sa ido.

Injiniya ya san yadda ake buɗe ƙofa da rufe ta, amma bai san wane malami ne aikinsa ke bukatar sikana ba, ko wane ne bai kamata ya fitar da kome ba. Hakimi ne ya san wannan. Ya kamata ya sa a rubuta masa jerin kayan da ke kowane tebur, da sunan malamin da ke riƙe da su, da dalilin da ya sa ake so a miƙa kowanne, ya sa hannu, a aika wa masu kula da uwar garke, a ajiye kwafi a ofis. In an sāke malami ko an sayi sabuwar firinta, a sāke takardar. Akwai kuma doka a kai. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa zanen yatsa da makamantansa cikin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin awa 72 in aka yi ɓarnar da za ta iya cutar da masu su. Malamin da ya ga alamar an kwashi wani abu ya gaya wa hakimi a ranar, kada tsoron faɗa ya sa ya yi shiru.

In na'ura ta ƙi

Malam ya fara da abin da ke gabansa. Ƙurar hunturu takan cika kafa, kebur yakan saki. Kebur na USB irin na yawancin firintoci in ya wuce mita 5 ba a dogara da shi, kuma wutar da kafa ke bayarwa kaɗan ce, sikana babba sai da nata abin wuta. In waɗannan lafiya suke, ya duba ko 'yar aike ta ga na'urar, domin akwai wurin da take nuna jerin abin da aka soka mata. In ita ba ta gani ba, laifin yana cikin ɗakin. In ta gani amma tebur bai gani ba, to doka ce ta hana, kuma ƙofofin biyu ne, ɗaya a 'yar aike ɗaya a tebur, in ɗaya tana rufe kaya ba su wucewa. In tebur ya gani amma aiki ya ƙi, tafinta ne babu, ko kuwa nisa ne ya yi yawa. Wasu na'urorin sai an soka su an kunna kafin a shiga tebur, saboda haka fita da sāke shiga yakan warware da yawa. Na'ura mai haɗe da firinta da sikana a jiki ɗaya takan ba da wahala ta musamman, a sami bugu yana yi, ɗaukar hoto ya ƙi, sai injiniya ya raba su a doka, kowanne ya bi tasa hanya.

In abin ya fi ƙarfinsa, kada ya aika a ce kwamfuta ta lalace kurum, domin wannan zai sa injiniya ya taso daga sakatariya a kan abin da zai iya gyarawa daga kujerarsa. Ya rubuta sunan na'urar, da lambobinta biyu, da ranar da ta yi aiki na ƙarshe, da ko 'yar aike ta gan ta, da kalmomin da suka fito a allo yadda suke. Kafin amsa ta zo, ya rubuta sunayen masu jira da lambar wayarsu a littafin ofis, ya sallame su, in an gyara ya kira su bi da bi, a fara da wanda ya fi nisan gida.